Daren da Innarku Ta Kashe Fitilun Gulbi

Zulai, Bashiru, Nasiru. Yau kwana arba'in da uku da rasuwar innarku. Baƙi sun watse, an mayar da tabarmin aro, gidan ya rage daga ni sai kajinta. Na ɗauki biro ne saboda wata magana guda da na bari tana yawo a gari fiye da shekara talatin ban tare ta ba. Ke Zulai kin fi kowa saninta, domin ke kika sha dawowa daga makarantar allo da kuka, an ce miki ɗiyar mai dorina. Duk sanda kika tambaye ni, nakan ce ki rabu da su. Innarku kuma takan share miki fuska ta ba ki aiki. Ba mu taɓa zaunar da ku mun faɗa muku ba. Ita tana da dalilinta, kuma dalili ne mai kyau. Nawa ba mai kyau ba ne, za ku ji shi a gaba. Karatuna bai wuce firamare ba, don haka zan faɗi abin yadda ya faru, ba ƙari.

Kun san ni mutumin Maruda ne, ta ƙasar Gwandu. Gidanmu noma ne da 'yan shanu, ban san ruwa ba sai na rijiya. Abin da ya kai ni Kalgo tsuntsu ne. A shekarun nan, tun muna ƙarƙashin Sakkwato, jan-baki ya addabi fadama. Idan garkensa ya taso sai ka ce hadari, ya sauka a gonar shinkafa mai nono, kafin mai gona ya gama buga gwangwani an bar masa kara. Sai aka kawo wani ƙaramin jirgin sama mai kujera ɗaya, wanda yake fesa wa tsuntsun magani a makwancinsa. Aka share masa fili a kan tudu, bayan gari, aka ɗauki leburori, ina cikinsu. Daga baya ni aka bari mai gadin filin, aka kafa mini ɗaki a gefensa. A shekarar na auri innarku, A'i, ɗiyar Malam Gado, babban masuntan mashigin da ke ƙasan tudun. Wanta, kawunku Mamman, bai taɓa kirana da sunana ba a lokacin. Sai dai ya ce, ga Bafillacen nan da ke tsoron ruwan alwala.

Aikin jirgin aikin magariba ne. Jan-baki ba ya taruwa wuri ɗaya sai rana ta faɗi, don haka matuƙin yakan tashi rana na ja, ya yi feshi, ya dawo da sauran haske ko kuma duhu ya ɗan riga shi. Sunansa Kyaftin Danladi, mutumin ƙasar Zuru, gajere, mai yawan dariya. Filinmu ba lantarki. Fitilunsa gwangwanayen madara ne guda ashirin da huɗu, a cika su da yashi, a zuba kananzir, a soka tsumma. Sha biyu dama, sha biyu hagu, ni nake kunna su. Ban da wannan, nakan goge gilashin jirgin, in cire gashin tsuntsu daga hancinsa, in duba tocilan ɗin da take zama a wata jaka kusa da gwiwar Kyaftin. Shi ya koya mini fitilun jirgin: ja a fiffiken hagu, kore a na dama, fara a wutsiya, sai babba guda mai haska ƙasa lokacin sauka. A ciki ma akwai ƙananan da suke haska agogunan da yake karantawa. Wata rana muna shan shayi ya nuna gulbi da baki, ya ce:

"Malam Umaru, ka san surukanka suna wahalar da ni? Daga sama, fitilunsu da gwangwanayenka uwa ɗaya uba ɗaya. Nasu ma sun fi naka kyau."

Na ce, "To yaya kake rarrabewa, Kyaftin?"

"Agogon alƙibla yana gaya mini. In na sauko kuma babbar fitila takan nuna mini ko ƙasa ce ko ruwa."

Muka yi dariya. Innarku tana zuba masa miyar kifi, tana jinmu.

Dole in gaya muku yadda masuntan mashigin nan suke aiki a ƙarshen damina, in ba haka ba ba za ku gane ba. Idan ruwa ya cika, sukan fita bayan magariba, kowane kwalekwale da fitilar ƙwai rataye a sanda a goshinsa. Sukan jeru layi biyu, wasu ta wannan gaɓar, wasu ta waccan, taru a miƙe tsakaninsu. Gulbin a wajen nan miƙaƙƙe ne, kuma yana kwance daidai yadda filin jirgi yake kwance, tsakaninsu gangare ne kawai da gonar rogo. Suna da wata doka tun ta kakanni. Wani lokaci ambaliya takan hauro da dorina daga babban kogi. Wanda ya fara ganinta sai ya bugi cikin kwalekwalensa da filafili, uku, ya dakata, uku. Duk wanda ya ji, ba tambaya, ba waiwaye: ya hure fitilarsa, ya maimaita bugun domin na gaba, ya saki taru ko ya yanke igiya, ya nemi gaɓa. Ƙarfin dokar shi ne ba a tambaya. Saboda haka wanda ya buga na ƙarya, ko da wasa, ba ya sake taka mashigi. A lokacin an yi shekara goma sha ba a ji bugun nan ba.

Ranar da abin ya faru, da la'asar na duba tocilan ɗin Kyaftin na ga ta yi rauni. Na ɗauke ta, na je ɗaki na sa mata sabon batir. Ina fitowa aka kira ni in taya mirgina durom ɗin magani, na jefa ta aljihun riga. Aka cika jirgi, aka ɗaura, Kyaftin ya ɗaga mini hannu ya tashi wajen Dangoma, inda aka ga makwancin tsuntsun. Motar ma'aikata ta bi shi ta ƙasa da duk sauran mutane. Filin ya rage ni kaɗai. Na yi magariba, na kunna gwangwanayena. Hadari ya haɗu ta gabas, bai zubo ba, sai dai ya rufe sama ruf, ga iska tana kaɗa wutar gwangwanayen har wasu suna mutuwa ina sake kunnawa. Innarku ta fito da tuwo, ke Zulai kina bayanta, watanki bakwai. Ta ce Kyaftin ya yi dare yau. Na ce tsuntsun ne ƙila bai kwanta da wuri ba. Aka kira isha a gari. Can sai muka ji ƙarar injin.

Na ɗaga kai ina neman ja da kore. Babu. Ƙara tana matsowa, sama baƙi ƙirin, ko ɗigon haske babu. Ya wuce ta bisa kanmu, muna jinsa ba ma ganinsa. Na ce a raina wutarsa ta ɗauke. Daga baya Kyaftin ya bayyana mana cewa wata waya ce ta ƙone jim kaɗan bayan ya gama feshi, komai ya mutu lokaci ɗaya, har rediyo, sai injin kaɗai, domin shi ba ruwansa da batir. Na ce to ba komai, zai haska agogunansa da tocila. Ina faɗin haka hannuna ya taɓa aljihuna. Ban san yadda zan kwatanta muku abin da na ji ba. Na tsufa, na binne iyayena, na binne innarku, amma ban taɓa jin sanyi irin na wannan lokacin ba.

Jirgin ya yi kwana ya dawo. Wannan karon ba ta kanmu ya bi ba, ta kan gulbi ya bi. Na juya na dubi ƙasan tudu. Ga su nan, layi biyu, fitilu sun fi arba'in, tsaf, ba mai rawa domin kowace tana cikin ƙwanta. Na dubi nawa, rabi sun mutu, sauran suna lilo. Sai na ji muryar injin ta sauka, irin saukar da take yi idan zai taɓa ƙasa. Ya sauko, ya sauko, sai kuma ya ƙara wuta ya haye. Bai yarda ba tukuna. Amma na san man da ya rage masa ba zai bar shi ya yi ta shakka ba.

Innarku ta aje kwanon tuwo. Ta ce:

"Baban Zulai, gulbi shika nema."

Na ce, "Na gani."

"In an yi musu kira su kashe hitila fa?"

"Wa zai ji? Ko sun ji, sai sun tambayi dalili. Kafin magana ta kai na ƙarshe ya shiga ruwa, ya kwashe su da shi."

Na ga ta ƙara ɗaure goyonta. Ta ce:

"Kai tsaya ga gwangwanayenka. Kada ka bari ko guda ta mutu."

Na gane inda ta nufa. Na ce, "A'i, kin san hukuncin."

"Na hi ka saninsa. Gidanmu anka yanke shi."

Wannan ne karo na farko da na kira sunanta a gabanta, kuma ko waiwayowa ba ta yi ba. Ta bi gangaren nan a guje, cikin rogo, ba takalmi, ba fitila. Ni kuma na ɗauki galan na bi layi ina ƙara kananzir, ina tare iska da rigata ina ƙyasta ashana. Da na kai ƙarshen fili na fito da tocilan ɗin na riƙa kaɗa ta sama, ko da yake na san haskenta bai kai ya yi gasa da fitila arba'in ba. Jirgin ya sake yin kwana can wajen Wurogauri, ya miƙo, muryarsa ta sake sauka. A kan gulbi.

Sai na ji shi. Uku. Shiru. Uku. Akwai wani tsohon kwalekwale da aka kife a mashigi, shi ta buga. Na ƙirga numfashina, ɗaya, biyu, ba abin da ya motsa. Sai daga tsakiyar ruwa wani ya amsa, da ƙarfi, uku, uku, fitilarsa ta mutu. Daga nan abin ya bi gulbi kamar ana zuge zare. Bugu yana gaba, duhu yana binsa, ta wannan gaɓar da waccan, har can inda ido yake ƙarewa. Ban taɓa ganin abu mai ban tsoro da kyau kamar wannan ba. Kafin ka karanta Fatiha, duk ƙasar Kalgo ba sauran layin wuta sai gwangwanayen madara ashirin da huɗu.

Injin ya yi ruri ya haye. Mutanen da ke ruwa sun ce iskarsa ta taɓa musu kai. Ya zagayo sau ɗaya, ya daidaita, ya shigo tsakanin gwangwanayena. Ba shi da fitilar ganin ƙasa, don haka ya buga ta da ƙarfi, ya yi tsalle, ya sake bugawa, ya tafi yana tangaɗi har ya tsaya dab da ƙarshen fili, ya ture gwangwani biyu. Na ruga. Ya buɗe murfi, bai fito ba. Ya daɗe zaune. Da ya sauko sai ya zauna a ƙasa ya jingina da taya. Abin da ya fara cewa shi ne:

"Malam Umaru, wa ya kashe gulbi?"

Na ce, "Matata ce."

Ya ce, "Na riga na zaɓa. Na ce wanda ya fi haske shi ne fili. Na lalubi tocila ban same ta ba."

Tana aljihuna, da ɗuminta. Ban fito da ita ba.

Innarku ta hauro a hankali, ƙafafunta duk jini saboda kututturen rogo, ke Zulai kina ta tsala kuka. Kyaftin ya yunƙura zai durƙusa mata, ta kauce, ta ce tuwo ya huce amma akwai shi. Cikin dare, bayan motar ma'aikata ta zo ta tafi da shi, na fito da tocilan ɗin na aje gabanta, na gaya mata. Na ce da safe zan faɗa wa Kyaftin, ko da za a kore ni. Tana wanke ƙafarta da ruwan gishiri. Ta dubi tocilan, ta dube ni, ta ce:

"Daren ga an kori mutum guda daga gidansu. Ya isa. Mai da ita inda ka ɗauko."

Na mayar da asuba. Na fake da maganarta shekara talatin. Ita ta faɗa ne don ta rufa mini asiri na kwana ɗaya, ni kuma na mayar da shi na har abada, na bar sunanta shi kaɗai yana yawo a bakin mutane. Wannan shi ne dalilina da na ce muku ba mai kyau ba ne.

Da hantsi aka tara mutane a mashigi. Asarar ba ƙarama ba ce. Taru da yawa sun harɗe, wani dattijo ya gurɗe a gaɓa, kuma babban tarun gidansu, wanda kakanku ya yi damina biyu yana saƙawa da hannunsa, kawunku Mamman ya yanke igiyarsa kamar yadda doka ta ce, ruwa ya tafi da shi. Ba a nemi wanda ya buga ba, innarku ita ta kai kanta. Ta tsaya daga nesa ta ce ita ce, kuma ba ta ga dorina ba. Kyaftin ya zo da kansa, ya cire hula, ya yi bayani tun daga farko, ya ce ba ransa kaɗai ba, da ya shigo tsakanin layin nan da fiffikensa zai share kwalekwalen da ke kusa. Malam Gado ya saurare shi har ƙarshe. Ya sa aka kawo wa Kyaftin kifi mafi girma da aka samu. Sannan ya ce:

"Mun gode Allah da ya tsirar da kai, baƙo. Ɗiyata ta yi abin da ta gani. Amma ina tambaya. Gobe in dorina ta taho da gaske, anka buga, wani ya tsaya shina tunanin ko jirgin sama ne, ta kihe shi, wa za ya biya wannan ran?"

Ni dai har yau ban sami amsar wannan tambayar ba. Malam Gado ya juya wajen innarku, bai dubi fuskarta ba.

"A'i, kin san abin da doka ta ce."

Ta ce, "Na sani, Baba."

"To shi ke nan."

Ba ta yi kuka a wurin ba. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta tashi ta hau tudu. Tun daga ranar ba ta sake taka mashigin nan ba. Mace ce da aka haifa a bakin ruwa, wadda ta iya tuƙi tun kafin ta iya daka, ta koma sayen kifi a kasuwa kamar matar baƙo. Kakanku ya yi shekara shida bai yi mata magana ba, ko da yake duk sallah mukan wayi gari mu tarar da kwandon busasshen kifi a ƙofa, ba aike, ba suna. Da ciwon ajali ya kama shi ya ce a kira ta, ya sha ruwa daga hannunta, ya tambayi lafiyarku ɗaya bayan ɗaya. Bai ɗauko maganar ba, ita ma ba ta ɗauko ba. Bayan duk dattawan da suka yanke hukuncin sun ƙare, na ce mata yanzu ai ba mai hana ta. Ta ce hukuncin gaskiya ne, ta buga na ƙarya, kuma in an sake za ta sake, amma wannan bai mayar da shi gaskiya ba. Shi ya sa ba ta gaya muku ba. Ba ta so ku taso kuna jin haushin kakanku, ba ta kuma so ku ɗauka karya doka abin ado ne.

Kyaftin ya ƙarasa aikin shekarar. Ranar da zai tafi ya kira ni gefe, ya ciro tocilan ɗin daga jaka ya danƙa mini.

"Riƙe, Malam Umaru. Na lura ta fi son aljihunka."

Ashe ya ga ɗan hasken da nake kaɗawa a ƙarshen fili, kuma ya san hasken tocilarsa. Bai faɗa wa kowa ba. Tana nan cikin akwatina, ƙarƙashin takardun gida. Bashiru, kai za ka ɗauke ta.

Saura abu ɗaya, wanda ni ma ban sani ba sai kwanan nan. Ranar sadakar uku, bayan mutane sun ragu, kawunku Mamman ya matso kusa da ni a tabarma. Kun ga yadda ya tsufa, idonsa ɗaya ya tafi. Can ya ce:

"Bafillace."

Na ce, "Na'am."

"Daren nan, ni na hwara amsa bugun."

Na ce na yi zaton haka, tunda kwalekwalensa ne a tsakiya.

Ya ce, "Ba ka gane ba. Ni da ita Baba ya koya ma bugun ga, rana ɗaya, cikin kwalekwale ɗaya. Ita na ukunta kullum shina ɗan makara. Ina ji na san hannun A'i ne. Kuma daga gaɓa ya taho, ba daga ruwa ba. Na gaɓa ba shi riga na cikin ruwa ganin dorina."

Na ce, "Ka sani, ka yanke tarun Baba?"

"In ban yanke ba wa za ya yarda? Na ce A'i ba ta bugu don wasa."

Ya share idonsa mai gani da bakin riga. Ya ce da safe a mashigi ya so ya tashi ya ce su biyu ne, ta harare shi daga nesa, ya koma ya zauna. Ashe ba ni kaɗai ta rufa wa asiri ba. Mu biyu, maza, muka zauna a kan tabarmar makokinta, kowa da abin da ta ɗauke masa.

Filin jirgin yanzu gonar gero ce, ba za ku gane wurin ba. Masunta sun koma fitilar batir. Ban sani ba ko samarin yanzu sun san bugun. Amma sunan yana nan, na ji wata tsohuwa ta faɗe shi a hankali ranar jana'iza, tana zaton ban ji ba. Na ji, kuma ban ji zafi ba.

Zulai, kina bayanta a daren nan, ke kaɗai kika raka ta har mashigi. In wani ya sake ce miki ɗiyar mai dorina, kada ki rabu da shi kamar yadda na koya miki. Ki amsa. Allah Ya jiƙan A'i, Ya haskaka mata kabarinta.